Wa ya san labarin Sondheim? Waƙoƙin wasanmu suna tsayar da labari

Mushe_Bagalam:

Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni malamin lakwal ne a nan Maraɗi, Faransanci nake koyarwa a wata kwaleji, kuma ni aka ɗora wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yara, tunda ba wanda ya yarda ya ɗauka. Bana mun yi niyyar kafin babban hutu mu yi wasa mai waƙoƙi a ciki, da Hausa, a tsakar lakwal, iyaye su zo su kalla.

Labarin gajere ne. Wani yaro ne sabon aure daga wani ƙauye na wajen Madarunfa. An gama girbi, hatsin da ya samu ba zai kai su bazara ba, sai ya ɗaura niyyar ci-rani, ya bar amaryar a hannun uwarsa. Ni na rubuta maganganun da baitocin waƙa huɗu, wani abokina mai fiyano ya ɗora musu kiɗa.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk lokacin da aka zo waƙa sai wasan ya tsaya cak. Yara su jeru, su rera, su taka, a tafa, sannan a koma labari kamar an dawo daga talla a tele. Na gwada a gaban 'yan wani aji, ina tsaye gefe ina kallon fuskokinsu. Kafin a kai tsakiyar waƙa ta biyu, na baya sun shiga hira, ɗaya har ya fara cin gyaɗa. Sannan yarinyar da ke fitowa a amarya ta fi kowa iya wasa, in ta sunkuyar da kai gaban uwar miji sai ka rantse amaryar gaske ce, amma muryarta ƙarama, numfashinta gajere. Waƙar bankwana tana da dogayen baitoci irin su "Masoyina hasken idona, tauraron da ke haska zuciyata", kafin ta kai ƙarshe ta shaƙe.

Wani ɗan jami'a da muke shan shayi tare a fada ya ce in nemi labarin wani Ba'amurke mai suna Stephen Sondheim, wai shi ne gwanin wannan sana'a, shi ke rubuta baiti shi ke sa kiɗa. Na duba a waya, mafi yawa da Ingilishi ne, ni kuwa Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba. To wane ne shi, a ina ya koya? Da gaske shi kaɗai ke yin komai? Ya ci abinci da sana'ar? Kuma akwai abin da mai yara goma sha biyu da fiyano ɗaya na aro zai ɗauka daga gare shi?

Dan_Kabukabu:

Mushe kana wahalar da kanka. Kawo mai kalangu, a saki yara su yi rawa, iyaye su yi liƙi, darakta ya yi jawabi, kowa ya kama gabansa. Wa ya zo jin labari a wasan lakwal?

TsohonMushe:

Wa alaikumus salam. Mushe, sannu da ƙoƙari, kada ka saurari na sama. Ni Ingilishi na koyar har na yi ritaya. Sunan mutumin nan ya zo mini ne ta hannun wata Ba'amurkiya 'yar aikin sa kai da muka koyar tare. Da za ta koma gida ta bar mini kwali cike da kaset da littattafai. Tun daga nan nake bin labarinsa.

An haife shi a New York ranar 22 ga Maris 1930, ya rasu 26 ga Nuwamba 2021 yana da shekara 91. Ubansa yana da kamfanin ɗinka rigunan mata, uwar ke zana samfurin rigunan, ka ga ba gidan talaka ba ne. Shi kaɗai suka haifa. Yana wajen shekara 10 auren ya mutu, uwar ta tafi da shi jihar Pennsylvania, kusa da garin Doylestown. Shi da uwar nan ba su taɓa jituwa ba, har ta mutu a 1992 bai je jana'izarta ba. Kunnen Bahaushe ba ya son jin irin wannan, amma haka aka yi. Maƙwabci ne ya riƙe shi. Kusa da su akwai gonar Oscar Hammerstein, ɗaya daga cikin manyan marubutan waƙar dandamali na Amurka a lokacin. Yaron ya yi abota da ɗan gidan, ya zama ba ya fita, har mai gidan ya koma masa kamar uba.

Yana wajen shekara 15 ya rubuta wasa mai waƙa a lakwal ɗinsu, irin naka ke nan, 'yan lakwal suka yaba, kansa ya kumbura. Ya kai wa Hammerstein, ya ce ya karanta kamar bai san wanda ya rubuta ba. Tsohon ya karanta ya ce masa bai taɓa karanta abu maras kyau irinsa ba, amma ba rashin baiwa ba ne, in yana son jin dalili ya zauna. Suka zauna yinin nan suna bi layi-layi: wannan maganar wa ya faɗe ta, don me ya faɗe ta yanzu, wannan waƙar daga ina ta tashi, ina ta sauka. Har ya tsufa yana cewa abin da ya koya a yammacin nan wasu ba sa samunsa duk rayuwarsu. Daga nan Hammerstein ya yanka masa aiki huɗu. Ya ɗauki wasan kwaikwayo mai kyau ya mai da shi mai waƙa. Ya ɗauki wani mai rauni ya gyara shi. Ya ɗauki labarin da ba don dandamali aka rubuta ba. Na ƙarshe ya ƙirƙiro nasa daga tushe. Shekaru ya yi a kansu, ba ko ɗaya da ya fita kasuwa, kuma ba don kasuwa aka sa shi ba. Ya gama kwalejin Williams a 1950, sannan ya yi karatun haɗa kiɗa wajen Milton Babbitt.

Ƙofar ba ta buɗe da wuri ba. Wasansa na farko da aka shirya kaiwa Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta New York, ya tsaya saboda wanda ya ɗauki nauyin shirya shi ya rasu a 1955. Sai aka neme shi ya rubuta baitoci kawai na West Side Story, kiɗan kuma na Leonard Bernstein. Bai so ba, don shi a ganinsa makaɗi ne kafin marubuci. Hammerstein ya ce ya karɓa, zai zauna da manya ya ga yadda suke aiki. Aka buɗe a 1957 yana da shekara 27. A Gypsy ta 1959 ma haka ta sake faruwa: tauraruwar wasan, Ethel Merman, ta ƙi yarda a ba sabon hannu kiɗan, aka ba Jule Styne, shi aka bar masa baiti. Sai a 1962, bayan rasuwar Hammerstein da shekara biyu, aka ga wasan da baiti da kiɗa duk nasa ne.

Batun cewa shi kaɗai ke yin komai, ɗan jami'ar ya ɗan ƙara gishiri. Baiti da karin waƙa nasa ne, gaskiya. Amma labarin da maganganun 'yan wasa wasu ke rubutawa, irin su Arthur Laurents, George Furth, Hugh Wheeler da James Lapine. Raba kiɗan ga kayan busa da na tsirkiya kuma, yawanci Jonathan Tunick ke yi masa. Kuma ba ya fara waƙa sai marubucin ya ba shi fitowar, ya ji yadda mutanen ciki ke magana, sannan ya kwaikwayi bakinsu. Kai da ka rubuta labarin da hannunka, ka riga ka wuce wannan matakin.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye, kuma a nan zan daɗe.

A West Side Story akwai yarinya, Maria, 'yar tsibirin Puerto Rico da ba ta daɗe da sauka New York ba. Ya rubuta mata waƙar murna cike da gwanintar amsa-amo, kalma na bugun kalma a tsakiyar layi. Waƙar ta yi suna a duniya, shi kuwa har ya mutu yana jin kunyarta. Dalilinsa: yarinyar da Ingilishi bai gama zama a bakinta ba, ina ta samo wannan iya magana? Muryar marubuci ake ji, yana nuna ya iya. To ka dubi baitinka. Amarya 'yar ƙauyen Madarunfa, uwar miji na zaune, za ta buɗe baki ta ce "tauraron da ke haska zuciyata"? Wannan maganar malamin Faransanci ce da ya sha fina-finai. Yara na baya sun ji haka a jikinsu, ko ba su iya faɗa ba, shi ya sa suka koma gyaɗa.

Wasan nan na 1962, A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, barkwanci ne da aka ɗauko daga wasannin Plautus na tsohuwar Rum. Da ake gwada shi a Washington kafin a shiga New York, mutane ba sa dariya, kujeru wayam. Aka kira Jerome Robbins, wani gwanin shirya wasa da rawa, ya duba. Ya ce wasan lafiya lau, waƙar buɗewa ce ta yaudari jama'a: mai laushi ce, ta sa suna jiran labarin soyayya. Sondheim ya rubuta sabuwa da ke gaya wa mutane ƙiri-ƙiri cewa yau daren dariya ne. Aka yi wasan sau 964 a Broadway, duk cikin ayyukan da ya yi wa baiti da kiɗa ba wanda ya kai shi daɗewa a fitowar farko. Ka duba waƙarka ta farko, me take yi wa iyaye alkawari?

Sai maganar yarinyarka mai gajeren numfashi. A 1973 ana bitar A Little Night Music, babbar 'yar wasan, Glynis Johns, tana da murya mai daɗi amma ba ta iya jan sauti. Bai ce a canza ta ba, bai ce ta je ta koyo ba. Ya zauna ya rubuta mata waƙa mai gajerun jimloli, da yawansu tambayoyi ne, kowace ta ƙare a inda ba a buƙatar ja, da wurin shan iska a tsakani. Matar a cikin labarin ta sha kaye ne, ta nemi mutumin da take so ya ƙi, mai irin wannan hali dama ba ya dogon zance. Ita ce "Send in the Clowns", waƙarsa da ta fi kowace fita. Frank Sinatra ya rera ta, Judy Collins ta rera ta, ta ci kyautar Grammy ta waƙar shekara a 1976. Don haka ni ban ga laifin yarinyar ba. Waƙar ce ba a auna da ita ba.

Cin abinci kuwa, ya ci, bai mutu da talauci ba, don haƙƙin mallaka na aiki a can: duk lakwal ko ƙungiyar da ta yi wasansa sai ta biya. Amma masu zuba kuɗi sun sha kuka da shi. Anyone Can Whistle ta 1964 sau 9 aka yi aka rufe. Follies ta 1971 ta wuce sau 500, duk da haka jarin bai dawo ba. Na gaji da bugawa, sai anjima.

Hajiya_ta_Mokoyo:

Jikana ya karanto min wagga magana, shi ka rubuta abin da nike faɗi.

Mushe ɗana, da kai da babban Mushe, na ji kuna ta zuwa Amurka. To ni ban san Bature wanga ba, Allah shi sa ya iya. Amma mu munka yi Samariya zamanin Kunce. Kowace unguwa da tata ƙungiya, a yi gasa daga unguwa har jaha, waɗanda sunka ci su tai babban bikin matasa na ƙasa, wanda anka fara a Damagaram 1976, kowace shekara kuma a kai shi wani gari. Akwai gasar waƙa, akwai ta wasan kwaikwayo, akwai bale. Bale ɗin nan mi ne in ba labari da waƙa da rawa ba? Da kiɗi da taku ake nuna shuka, a nuna fari, a nuna aure. Su Yazi Dogo kuwa da muka kallo a tele, ai ba takarda sunka riƙe suna hadda ba, kowa ya san mutumin da ya ɗauka, ya san abin da bakinai ka iya faɗi. Ko tashe da yara ka yi da azumi, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, wagga ta ɗaura riga ta zama miji, ana waƙa ana koya ma amarya zaman gida, ina waƙar ta tsai da wasa? Waƙar ita ce wasan.

Amma abin da ya sa ni magana daban ne. Amaryar taka, ina ka kai ta ta yi bankwana? In tasha ka kai ta, ka ɓata. Amarya ba ta zuwa tasha. Miji da asuba shika fita, ita tana ɗaka, ko sunanai ba ta faɗi, balle gaban uwatai. To ina mace ka faɗin abin da ke ranta? Bakin turmi da bakin dutsin niƙa. Mu da munka tashi, in ka ji mace na daka tana waƙa, kasa kunne, da wani take. Kishiya na ji, uwar miji na ji, ba mai cewa an zage shi, tunda waƙa ce. Ni da kunnena na ji matar yayana ta gaya ma gida duka cewa gishiri ya ƙare, ba ta kalli kowa ba, tana daka. Washegari sai ga gishiri.

Ka aje ma yarinyar turmi a fili. Ta yi mai dakan furar guzuri da dare, tsohuwa na zaune gefe bisa tabarma da tazbaha. Taɓarya ta sauka, ta faɗi kalma biyu, taɓarya ta sauka, ta sha iska. Ba ka bukatar doguwar murya. Kuma ku sa hatsin gaske a turmin, turmi wofi ƙara shika yi, mata za su yi muku dariya.

MaiFiyano_Zariya:

Ina gaida Hajiya, ina gaida Baba Mushe. Ni a situdiyo nake aiki, waƙar biki da ta siyasa da ta talla, duk wadda ta zo. Ina da ja a kan abu biyu.

Na ɗaya, rabon aikin nan na wani ya rubuta baiti wani ya sa kari, a Hausa yana da wuyar da Turawa ba su da ita. Maganarmu tana da hawa da sauka, kuma gaɓa tana da tsawo da gajarta. In mai fiyano ya zo da karinsa a shirye ya ce a cusa baiti, sai ka ji kalmar da ya kamata ta sauka ta hau, ta koma wata kalma ko ta zama ba Hausa ba. Kullum ina fama da wannan da yaran da ke kawo baiti a waya suna so a ɗora kan kiɗan Indiya. Shi ya sa su Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su raba aikin biyu haka ba, baiti da kari tare suke fitowa daga baki, makaɗa da 'yan amshi su bi. Mushe, kai ka fara rera baitinka da bakinka ko muryarka ba daɗi, ka ɗauka a waya, abokinka ya bi ka. Kada kai ka bi shi.

Na biyu, Baba Mushe, da girmanka, irin waƙar da kake yabo ba ta sayuwa a nan. Na saurari biyu daga cikin na mutumin yanzu. Ba amshi, ba inda za ka kama. Mutanenmu in ba su tashi daga wuri suna maimaita amshi ba, ba a yi waƙa ba. A finafinan Kano sau da yawa waƙar ake fara samu, a ɗauke ta da kayan ado daban, sannan a nemo mata wuri a labari. Kuna iya cewa ta tsayar da labari, amma ita ke sayar da fim ɗin, ita ake turawa a waya. Wasan lakwal ma iyaye na son su ga 'yarsu ta yi ado ta taka.

Shawarar turmi dai na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ko don wutar lantarki. In aka ɗauke wuta tsakiyar wasa fiyano ya mutu, turmi bai san an yi ba.

TsohonMushe:

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Abin da na yi ta kewaye a kai kin faɗe shi a taƙaice, kuma kin fi ni hujja tunda kin taka filin.

Ɗana mai fiyano, ƙorafinka ba sabo ba ne, a can ma shi suka yi ta yi masa: wai ba a fita daga wasansa ana rera komai. Har tsokanar masu faɗin haka ya yi a cikin Merrily We Roll Along ta 1981, inda ya sa wani mai kuɗi yana yi wa matasan mawaƙa faɗa kan su kawo abin da za a iya rerawa. Wasan nan labarinsa da baya-baya yake tafiya, daga girma zuwa ƙuruciya, 'yan kallo suka rikice, sau 16 aka yi aka rufe. Abin ya buge shi har ya yi tunanin barin sana'ar, kuma nan tafiyarsa da darakta Harold Prince ta tsaya shekaru masu yawa, bayan tun 1970 suke tare. Aka dawo da wasan Broadway a 2023, mutane suka yi ta cika gida, ya ci kyautar Tony a 2024, mai shi yana kabari. Ka ga kana da gaskiya ta wani gefe, mai jiran kuɗin cefane ba zai jira shekara 40 ba.

Amma ni ban ce Mushe ya zubar da amshi ba. Amshi namu ne, kuma a dandamali yana da aikin da Sondheim kansa zai yi kwaɗayi. A bar shi yadda yake, a canza abin da ke kewaye da shi. Amshin da aka yi da murna ranar kai amarya, in aka dawo da shi ranar da rumbu ya ƙare, kalmomin ba su canza ba amma kowa zai ji wani abu daban. Abin da nake ƙi shi ne a shiga waƙa a fita ba abin da ya motsa. Ko wani ya yanke shawara a cikinta, ko mu 'yan kallo mu san abin da ba mu sani ba. Yana kuma yawan cewa baitin dandamali ba waƙar littafi ba ce. Ta littafi kana iya komawa ka sake karantawa, ta dandamali sau ɗaya take wucewa, ga kiɗa ga kaya ga motsi duk suna cin hankalin mai kallo, don haka dole a rage mata kaya. Shi a kwance kan doguwar kujera yake aiki, da fensir mai laushi da takarda rawaya da ƙamus na amsa-amo, yana jera kalmomi a gefen shafi yana sokewa.

Wani abin da zai ba ka sha'awa, Mushe, don baɗi. Bayan faɗuwar wasan nan na 1981 ya koma aiki da James Lapine. Suka yi wasa kan mai zanen Faransa Georges Seurat a 1984, ya ci kyautar Pulitzer a 1985. Sannan a 1987 suka yi Into the Woods, inda suka tara mutanen tatsuniyoyin Turawa daban-daban a daji ɗaya. Rabin farko kowa ya samu abin da yake nema. Rabi na biyu kuma abin da ya biyo bayan ƙurunƙus ne, bashin da kowa ya ci don biyan bukatarsa ya zo karɓa. An yi fim ɗinsa a 2014, kana iya samu da fassarar Faransanci. Tun da na gan shi nake cewa ina ma wani ya haɗa Gizo da Ƙoƙi da kura da Botorami a fili ɗaya, ya tambaye su washegari.

Mushe_Bagalam:

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya, da kai mai fiyano. Lallai a tasha na kai ta, har na sa yara sun zana mota a kwali. Na maido ta gida bakin turmi. Ga abin da na rera a waya jiya da dare, kowane layi bugun taɓarya biyu:

Ka ɗau buta?
Ka ɗau bargo?
Ƙuli na ƙasan jaka.
Dami nawa ka ƙirga?
Ni ma na ƙirga.
Zuciyata tana ƙuna.
Inna na ji,
ban ce komai ba.

Amshin 'yan matan maƙwabta daga bayan darni: "Daka, amarya, dare ya yi." Yarinyar ta gwada yau da taɓaryar mai gadi, ba ta shaƙe ba.

TsohonMushe:

Yanzu na ji amarya. "Ni ma na ƙirga" shi ne wasan gaba ɗaya: ta shiga rumbu a ɓoye, ta san abin da ya sani, kuma ta san dole ya tafi. Cire "zuciyata tana ƙuna". Mun riga mun gani, in ta faɗa ta rage mana. A wurin sai ta bar taɓarya ta sauka sau biyu ba magana, tsohuwar ta ɗago kai ta dube ta, ta mai da kai kan tazbaha. Kuma ka yanke tun yanzu ko mijin yana ji daga zaure ko ba ya ji, don fitowar asuba ta dogara da wannan. Ni da zan zaɓa, yana ji.

Hajiya_ta_Mokoyo:

Ba Inna za ta ce ba. Uwar miji ce, sabon aure, Iya ko Tsohuwa, ko ta ce "ana ji" ta bar shi haka nan. Kuma bargo da rani? In bayan girbi ne da ɗari, to shi ke nan, bar shi. Ku faɗo ranar da wuri, in aiko muku da turmina, na lakwal ba su da nauyi. Amma a aiko yara biyu da kura, ba a ɗaukar shi a babur.